Rufe shago yini guda ba lalaci ba ne

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai albarka in yi magana da 'yan uwana masu ƙananan sana'o'i a nan Legas: masu shagon kayan masarufi irina, da masu shayi, da teloli, da masu tireda a bakin get, da 'yan gwari na kasuwar Mile 12. Maganar hutu ce. Na san wasu za su ce wannan zancen wanda ya ƙoshi ne. To, shago ɗaya gare ni a Agege da yaro ɗaya, ga iyali a nan, ga iyaye a Arewa suna jiran abin da zan aika, ga kuɗin haya da mai gida ke karɓa na shekara a dunƙule. Abin da ke damun kowa shi ke damuna.

Kowa ya san yadda muke rayuwa. Ana sallame Asuba a ɗaga ƙofa, ba za a sauke ta ba sai wajen sha ɗaya na dare, daga Lahadi har Lahadi. Ranar Juma'a a ja ƙofa a ruga masallaci, liman na yin sallama a rugo. Ranar Sallah ma ana saukowa daga Idi za ka ga mutum ya buɗe da sabuwar rigarsa, wai yara sun samu barka da Sallah kada cinikin ya wuce shi. Da yawa a cikin shagon suke kwana, tsakanin buhunan shinkafa da katan-katan na taliya. In jiki ya yi tsami a leƙa kemis a karɓi haɗin maganin ciwon jiki, a kora da shayi mai kauri, a ci gaba.

Ba yawan aikin ne ya fi tsaya mini a rai ba, don neman halak ba abin kunya ba ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne irin nauyin da mutum ke ji a ƙirjinsa duk ranar da ya kuskura ya huta, kamar ya ɗauki kayan wani. Yana kwance amma zuciyarsa na lissafin mudu nawa na sukari ya wuce shi. Ga bakin mutane. Ka rufe yini guda, gobe wani ya ce, "Alhaji, an yi kuɗi ke nan," wani kuma ya bi unguwa da raɗa cewa jarinka ya karye. In aka bugo waya daga gida aka ji kana kwance da rana, tambayar farko ita ce, "Lafiya dai?" Ka ce lafiya lau, hutawa kake, sai a yi shiru, shirun da ke nufin ai nema ya kai ka Ikko ba kwanciya ba. Da haka aka raine mu, cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma gaskiya ne. Amma wanda ya faɗi wannan bai ce mafarauci kada ya yi barci ba.

A watan Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto cewa a shekarar 2016 kaɗai, mutum 745,000 sun mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda dogon lokacin aiki. Sun ce mai aikin awa 55 ko fiye a mako, hatsarin shanyewar jiki a kansa ya fi na mai aikin awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100. Yanzu mai shago ya yi wa kansa lissafi. Daga shida na safe zuwa sha ɗaya na dare awa 17 ne. A kwana bakwai ya kama awa 119, wato ninki biyu da ɗoriya na abin da likitoci suka ce ya riga ya zama hatsari. Mu da ke zaune a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago ba ma buƙatar rahoto kafin mu yarda, don mun gani da idonmu. Mutum na tsaye yana ba da canji ya yanke jiki ya faɗi. A yi asibiti har jarin ya ƙare, sannan a yi karo-karo a sa shi a mota a mayar da shi gida, hannu da ƙafa ba sa motsi. Shagon da ya ƙi rufewa yini guda, ga shi an rufe shi gaba ɗaya, kafin wata ya zagayo an ba wani haya. Janaretanmu ma in ya daɗe yana aiki muna kashe shi ya huce, mu sauya masa baƙin mai, don mun san kuɗin da muka saye shi.

Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ba ma'aikaci yini guda na hutu a cikin kowane kwana bakwai, da hutun akalla ranakun aiki shida da cikakken albashi bayan ya cika wata 12 yana aiki. Shi mai shago ba shi da ogan da zai sa masa hannu a takarda, shi ne ogan kansa, kuma na lura babu ubangidan da ya kai mu tsanani a kan kanmu. Wannan tsananin ne ke gangarawa kan yaran shagonmu, waɗanda wasu tun da aka kawo su daga ƙauye ba su san ranar da za su ce tasu ba ce.

Addininmu bai goyi bayan wannan ba. Kowane ɗalibi ya ji labarin Salmanul Farisi da ya ziyarci ɗan uwansa Abu Darda'i, ya tarar ya duƙufa da azumi da tsayuwar dare har ya bar kula da iyalinsa. Salman ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da maganar ta je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce Salman ya yi gaskiya. In ibada aka ce a sassauta saboda jiki da iyali, ina ga sayar da madara da sabulu? Muna faɗa da baki cewa arziki na Allah ne, zafin nema ba ya kawo samu, amma zamanmu a shago yana nuna kamar mun ɗauka in muka matsa rabonmu zai koma maƙwabta.

Tsoron gudun kwastoma ma ina ganin mun ba shi girman da bai kai ba. Duk ranar Alhamis kasuwannin Legas ba sa buɗewa sai ƙarfe goma na safe saboda tsaftar muhalli. Masu saye sun saba, sun san lokacin, suna zuwa bayan nan. Maƙwabtanmu Ibo na kasuwannin Alaba International da Ladipo yawancinsu ba sa buɗewa ranar Lahadi, in Disamba ta yi kuma su kulle su tafi garuruwansu, su dawo a Janairu su ci gaba daga inda suka tsaya. Abin da ke korar mai saye shi ne ya zo yau a buɗe, gobe a rufe, ba tare da ya san dalili ba. In ya san ranarka, zai tsara sayayyarsa da ita.

Ni da na duba littafin cinikina na ga Talata ce ranar da kasuwa ta fi sanyi a layinmu, sai na ɗauke ta. Yaro ya buɗe ranar, shi kuma ya huta Laraba. Kullum ina ware ɗan wani abu daga riba in zuba a adashi na daban, don ranar da ban fita ba cefane kada ya taɓa uwar kuɗi. In zan je gida bayan Babbar Sallah, nakan rage sarin abin da ke lalacewa kamar burodi da ƙwai, in biya dilan da nake ɗaukar kaya a wajensa, in sanar da masu bashi, mu ƙirga kaya ni da yaro a gaban shaida, a rubuta. Wayar da alat ke shigowa kuwa sau ɗaya nake duba ta da dare.

Za a ce yaro zai ci amana. Yana faruwa, ba na musu. Amma shagon da babu littafi, farashin komai a kan mai shi yake, bashin kowa a ƙwaƙwalwarsa yake, ko waliyyi ka bar wa sai an samu giɓi. Kuma yaron da ba a biya shi abin kirki, ba a taɓa damƙa masa makulli ba, ba a nuna masa inda ake sari ba, yaushe zai koyi riƙon amana? Iyayenmu 'yan kasuwa suna riƙe yaro har ya goge, su yaye shi su ba shi jari. Da haka suke samun damar zuwa Hajji su bar rumfa a buɗe.

Sai kuma mu gyara abin da muke kira hutu. Tafiya gida don jana'iza ko biki, kwana da yini a mota, ka dawo da gajiyar da ta fi wadda ka tafi da ita, wannan zumunci ne, yana da ladarsa, amma jiki bai huta ba. Zama a majalisar da ke kallon ƙofar shagonka kana ƙirga masu shiga shi ma ba hutu ba ne. Ka yi barci har ya ishe ka. Ka ci abinci a zaune tare da 'ya'yanka. Akwai yaran da aka haifa a Agege har sun shiga sakandare ba su taɓa ganin teku ba, alhali a Legas suke. Ka duba littafin makarantarsu, ka koma wajen malaminka ka ɗora karatun da ka ajiye. Ka tuna da uwargida mai sayar da abinci ko ɗinki a cikin gida, wadda in ta sauke tukunyar sayarwa ta gida ke jiranta. Ita ma tana buƙatar ranarta, kuma sai ka tsaya mata za ta samu.

Ban manta da 'yan dako da masu tura baro da 'yan garuwa ba, waɗanda abin da suka samu yau shi za a ci yau. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi sama, rayuwa ta ƙara yi musu tsanani, kuma ba zan ɗora musu laifi ba in sun kasa ajiye aiki. Ko rabin yinin Juma'a suka samu, Allah Ya sa masa albarka. Maganata ta fi shafar mu da Allah Ya rufa wa asiri, muna da halin hutawa amma kunya da tsoro sun hana.

Ina kira ga limamanmu su taɓo wannan batu a huɗuba, don abin da liman ya faɗa ya fi shiga kunnen ɗan kasuwa. Sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa kuma su taimaka a tsara karɓa-karɓa tsakanin masu sana'a iri ɗaya a layi ɗaya, kowa ya san ranarsa, babu mai jin an cuce shi. Safiyar Alhamis da ake zaman jiran ƙarfe goma, ƙungiya za ta iya gayyato ma'aikatan lafiya daga asibitin unguwa su zo cikin kasuwa su auna wa mutane hawan jini da sukari, kuɗin da za a kashe bai kai na walimar rantsar da shugabanni ba.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naku,
Wani mai shagon kayan masarufi,
Agege, Legas.