Kalmar "thou" ba ta girmamawa ba ce tun asali

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi bayani a kan wata tsohuwar kalmar Turanci da yaranmu na nan Legas ke cin karo da ita, suna kuma fahimtarta a baibai. Ranar Asabar bayan sallar Magariba, 'yata ta ɗauko fassarar Alƙur'ani ta Turanci da ke gidanmu a Agege, ta ɗora yatsa a kan "Thee" a cikin Fatiha, ta ce: "Baba, an ce mana wannan kalmar girmamawa ce, Allah kaɗai ake faɗa wa." Haka mutane da dama suka ɗauka, amma tarihin kalmar ya saɓa wa wannan fahimta.

A tsohon Turanci "thou" na nufin kai ko ke, wato mutum ɗaya, "thee" kuwa ita ce dai idan aiki ya faɗa a kan mutumin, kamar "ka" a cikin "na gan ka". Jama'a kuma "ye" ko "you" ake ce musu. Tushenta ɗaya da "du" ta Jamusanci da "tu" ta Faransanci. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, ɗabi'ar Faransawa ta kiran babba da wakilin suna na jam'i ta shiga Turanci sannu a hankali, abin da ba baƙo ba ne ga Bahaushe, wanda kan ce wa surukinsa "kun tashi lafiya?", ko ga maƙwabtanmu Yarabawa da ke gai da manya da "ẹ". Daga nan "you" ta zama ta manya, "thou" ta koma ta yara da barori da aminai, har faɗa wa babba ita ya zama raini. A tsakiyar ƙarni na 17 mabiya ɗariƙar Kirista ta Quaker sun dage sai sun ce wa kowa "thou", talaka da basarake, sun kuwa sha zagi da duka a kan haka. Kafin ƙarshen ƙarnin kalmar ta kusa ɓacewa daga bakin mutanen Landan.

Littattafan addini ne suka riƙe ta. Masu fassarar Baibul ta 1611 sun yi amfani da ita domin bambanta tilo da jam'i kamar yadda yake a Ibrananci da Girkanci, Pickthall kuma, wani Bature Musulmi, ya bi wannan salo a fassararsa ta Alƙur'ani ta 1930. A ganina nan darajarta take, domin "iyyaka" ta Larabci, wadda aka fassara da "Thee" a Fatiha, tilo ce, "you" ta yau kuwa ba ta nuna ɗaya ake nufi ko da yawa.

Na ce wa yarinyar ta karanta wurin da Hausa, ta ce: "Kai kaɗai muke bauta wa." Ina roƙon malaman Islamiyyunmu da ke koyarwa da Turanci su riƙa bayyana wa ɗalibai cewa wannan "Kai" ɗin ne "Thee" ke ɗauke da shi.

Naku,
Wani mai karatu daga Agege, Legas