Amsa ga Malamar da ta tambaya: me ya haɗa kayan wasan yara da rigimar Shell?

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da ɗalibanki. A shirin rediyon da aka gayyace mu kan gurɓatar muhalli kin bugo waya kin ce ke malamar firamare ce, kin ji yadda ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta taso kamfanin kayan wasan yara na LEGO a gaba a 2014 har sai da ya rabu da kamfanin mai na Shell. A ganinki an bar jaki ana dukan taiki: mai haƙar mai daban, mai ƙera kayan wasa daban, to don me za a tsoma yara cikin rigimar manya? Kin kuma tambaya ko abin ya tsinana wani abu. Lokaci ya ƙure kafin mu ba ki amsa, shi ya sa muka rubuto.

A wurinmu an kama wanda ya dace a kama, domin yaran an riga an tsoma su tun kafin Greenpeace ta buɗe baki. Sai dai nasarar ba ta kai girman da wasu 'yan rajin muhalli suke ba ta ba, kuma za mu zo kan wannan.

LEGO kamfanin ƙasar Denmak ne da ke garin Billund, yana ƙera ƙananan tubalan roba masu maƙale juna, yaro ya gina gida ko mota da su. Tun shekarun 1960 yake fitar da gidajen mai da tankokin wasa masu tambarin Shell. A 1992 ya ƙirƙiro kamfanin mai na ƙarya mai suna Octan ya riƙa sa shi a jikin kayansa, kuma yara suka ci gaba da wasansu lafiya lau. Wannan kaɗai ya nuna wasan bai dogara da tambarin gaske ba. A 2011 kamfanonin biyu suka ƙulla sabuwar yarjejeniya, wadda ita ce aka yi rigima a kanta.

Ga yadda take aiki. Uba ya shiga gidan man Shell ya sha mai na adadin da aka ƙayyade, sai ya samu damar karɓar ƙaramar motar tseren Ferrari a cikin leda a kan kuɗi kaɗan. Motar a wargaje take zuwa, yaro ne zai harhaɗa ta. Tana da ɗan inji a ciki, a ja ta baya a sake ta sai ta ruga. A ledar akwai takardar sitika, yaron da hannunsa zai ɓare tambarin nan mai ja da rawaya ya daidaita shi a jikin motar ya danna da babban yatsa. Kuma motocin kala-kala ne, ba guda ɗaya ba. Wanda ya samu biyu zai matsa wa gida sai an samo masa sauran, uban kuma dole ya koma wannan gidan man ko da akwai wani kusa da shi. An ba da rahoton cewa an raba irin waɗannan kaya kimanin miliyan 16 a ƙasashe 26.

Malama, ke kin fi mu sanin yara. Masu bincike sun daɗe da nuna cewa yaron da bai kai shekara bakwai ko takwas ba bai cika gane cewa mai talla yana neman wani abu a wurinsa ba. Saboda haka ne Suwidin da Norwe suka hana tallan talabijin da ake nufin 'yan ƙasa da shekara 12 da shi, lardin Kibek na Kanada kuma ya hana na 'yan ƙasa da 13 tun 1980. Tallan talabijin daƙiƙa talatin ne ya wuce. Motar wasa kuwa tana ɗakin yaro shekara da shekaru, ƙanensa ma ya gaje ta. Yaro ba ya sayen fetur, amma yana tasowa da jin cewa wannan tambarin na gida ne, kuma iyayensa suna ganinsa a jikin abin da suka yarda da shi. Wannan yardar ita Shell ya saya, LEGO kuma shi ya sayar. Wanda ya sayar kuwa ba za a ce ba ruwansa ba.

A lokacin Shell yana cikin tsananin buƙatar wannan yarda, domin yana neman haƙar mai a tekun Chukchi, arewa da Alaska. A 2008 ya biya sama da dala biliyan 2 don samun izinin wuraren. Haƙa a can ba ta yiwuwa sai 'yan watannin da ƙanƙara ta janye, wajen Yuli zuwa Oktoba. Idan rijiya ta ɓalle a ƙarshen wannan lokaci, ƙanƙara za ta rufe wurin kafin a toshe ta, mai ya yi ta kwarara a ƙarƙashinta har shekara ta zagayo. Shingen da ake shimfiɗawa a kan ruwa don tare mai, da injinan da ke yaɗe shi, ba sa aiki yadda ya kamata a cikin fasassun ƙanƙara. A Satumban 2012 murfin ƙarfen da kamfanin ya tanada don kife rijiya idan ta ɓalle ya lotse tun a wajen gwaji. Ranar 31 ga Disamban wannan shekarar dandalin haƙarsa mai suna Kulluk ya kuɓuce daga jirgin da ke jansa cikin guguwa, ya je ya kafe a gaɓar wani tsibiri kusa da Kodiak.

Mu 'yan Najeriya ba sai an yi mana dogon bayani kan malalar mai ba. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni, inda Shell ya yi shekaru yana haƙar mai, ya gano sinadarin benzin mai haddasa daji a rijiyoyin shan ruwan Nisisioken Ogale, ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, ya kuma ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. A shekarar da aka fitar da wannan rahoto aka sa hannu a kan yarjejeniyar motocin wasan. Wannan yana mana ciwo, ba za mu ɓoye miki ba.

Dalilin da ya sa aka nufi LEGO lissafi ne. Shell ya saba da zanga-zanga, kuma direban da mansa ya ƙare ba ya tsayawa tunanin Alaska. LEGO kuwa jarinsa duka sunansa ne a wurin iyaye, kuma yarjejeniyar ƙaramin abu ce cikin cinikinsa. Riƙe ta ya fi sakinta tsada da zarar iyaye sun fara magana. Greenpeace ta riga ta gwada wannan hanya a 2011 da kamfanin Mattel mai 'yar tsanar Barbie, kan kwalayen da ake yi da itacen dazuzzukan Indonesiya, kuma kamfanin ya sauya inda yake sayen takarda.

Gangamin ya fara a farkon Yulin 2014 da buƙata guda ɗaya tak, wadda za a iya amsawa da e ko a'a: LEGO ya daina sa tambarin Shell. Ba a ce ya gyara duniya ba, ba a kuma ce iyaye su daina sayen kayansa ba, don masoyan kayan su ne rundunar da ake nema. An shiga wurin shaƙatawa na Legoland da ke Windsor a Ingila an jera 'yan mutum-mutumin LEGO riƙe da ƙananan alluna. Yara sun gina manyan dabbobin yankin ƙanƙara da tubalan a ƙofar ofishin Shell na Landan. Abin da ya fi tasiri shi ne bidiyon da bai kai minti biyu ba. An gina ƙasar ƙanƙara da tubalan LEGO kilo 120, da masunta da karnuka da fararen beyar da yara masu wasa, sannan baƙin mai ya riƙa tasowa sannu a hankali yana haɗiye su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage tutar Shell kaɗai. An kalle shi kusan sau miliyan 6, kuma sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke. Ranar 9 ga Oktoba shugaban LEGO na lokacin, Jørgen Vig Knudstorp, ya sanar cewa ba za su sabunta yarjejeniyar ba idan wa'adinta ya cika. Ya ƙara da cewa da Shell ya kamata Greenpeace ta yi magana kai tsaye, bai kamata a jawo sunan kamfaninsa ba. Kin ga ke nan ra'ayinki da nasa sun zo ɗaya.

Akwai inda aka yi tuntuɓe. Bidiyon ya yi amfani da waƙa da 'yan wasan fim ɗin LEGO na wannan shekarar, sai kamfanin Warner Bros mai fim ɗin ya kai ƙorafin haƙƙin mallaka, YouTube ya sauke shi. An mayar da shi wani shafin bidiyo mai suna Vimeo, daga baya aka janye ƙorafin ya dawo YouTube. Greenpeace tana da lauyoyi da 'yan jarida masu sauraronta, saukewar ma sai ta zame mata talla. Ƙaramar ƙungiya da ta ɗauki waƙar wani ba izini tana iya rasa bidiyon da shafinta gaba ɗaya, ba wanda ya ji. Batun sa yara a zanga-zanga kuma, nan damuwarki tana da tushe. Wanda yake ƙorafin ana amfani da yara wajen talla dole ya yi hattara da nasa hotunan: izinin iyaye a rubuce, wurin da babu turereniya ko barazanar kamu, kuma yaron ya san abin da yake ginawa da dalilinsa.

Kan ko ya tsinana wani abu, tambarin ya sauka, amma ba nan take ba, domin LEGO ya cika alƙawarin da ya riga ya ɗauka. Haƙar kuma ba ta tsaya saboda wannan ba. Shell ya koma Chukchi a 2015, ya haƙa wata rijiya mai suna Burger J, bai samu man da zai biya wahala ba, ga farashin ganga ya faɗo daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da 50. A ƙarshen Satumba ya janye bayan ya kashe kimanin dala biliyan 7, yana mai ambaton tsada da wuyar ƙa'idojin gwamnatin Amurka. Matsin jama'a yana da hannu a tsaurin ƙa'idojin, amma duk wanda ya ce miki bidiyo ne ya kori Shell ya yi ƙari. Su tubalan kansu ma daga mai ake yin robarsu. A 2018 LEGO ya fara yin 'yan bishiyoyi da ganyayensa da robar rake. Ya kuma gwada tubali daga tsofaffin gorunan ruwa, ya watsar a 2023 da ya ga sauya injinan ba zai rage hayaƙin da yake fitarwa ba.

Wannan magana za ta iya iske ki har aji, ranar da wani kamfani ya zo da kyautar littattafan rubutu ko jakunkuna masu tambarinsa. Ba mu ce a mayar da kyauta ba, makarantunmu suna cikin buƙata. Ki nemi a rubuta abin da kamfanin yake so a madadi, musamman ɗaukar hoton yara da inda za a yi amfani da shi. Ki tambaya ko za su yarda a sa sunansu a takardar godiya ko allon ofishin hedimasta, a bar abin da yaro zai riƙe kullum babu tambari. A kuma kai maganar gaban ƙungiyar iyaye da malamai kafin ranar rabo, domin idan kaya suka riga suka shiga hannun yara babu mai iya karɓe su.

Wassalam,
'Yan'uwanki masu aikin kare muhalli