Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ƙanena Da Ya Tambaye Ni Amfanin Fim Ɗin Kaboyi Mai Tsohon Yayi

Assalamu alaikum, ƙanena.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. A filin rediyon da muka tattauna harkar finafinai ka bugo waya ka ce ba ka ga dalilin da ya sa nake yabon Open Range ba. Ka ce fim ne na 2003 amma an yi shi kamar na 1950, tafiyarsa da nawa, kowa ya san inda labarin zai ƙare, kuma mai bin tsohon yayi bai ƙirƙiri komai ba. Sai ka tambaya, me mai kallo zai ƙaru da shi? Lokaci ya ƙure mana a ranar, shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin tambayar ta isa a zauna mata.

Saboda waɗanda ba su gani ba, ga labarin a taƙaice. Shekarar 1882 ce a yankin Montana na Amurka. Mutum huɗu na kora garken shanu, ba su da filin kansu, duk inda ciyawa take nan suke yada zango. Akwai dattijo Spearman, wanda Robert Duvall ya fito a matsayinsa yana da shekara saba'in da 'yan kai, da Charley Waite, wato Kevin Costner, wanda kuma shi ne daraktan fim ɗin, sai wani ƙato mai fara'a Mose, da yaro Button. Suka aiki Mose garin Harmonville sayayya, bai dawo ba. Garin a hannun wani attajiri mai suna Baxter yake, mai gandun shanu da ya tsani makiyaya masu yawo, kuma babban ɗan dokan garin yaronsa ne. Aka yi wa Mose duka aka kulle shi. Bayan sun karɓo shi aka bi su har zango aka kashe shi, aka kashe karensu, aka harbi yaron aka bar shi rai a hannun Allah. Saura mutum biyu su fuskanci gari guda.

Gaskiyarka, ƙarshen ba ɓoyayye ba ne. Amma fim irin wannan bai dogara da ya ba ka mamaki ba. Abin da yake nema shi ne idan an zo harbi ka damu da wanda harsashi zai samu, kuma wannan ba ya samuwa sai an ba ka lokaci ka zauna da mutanen. Nawar da kake kuka da ita, nan aikin yake. Muna ganinsu a ƙarƙashin tanti ana ruwa kamar da bakin ƙwarya suna buga karta, Button ya yi maguɗi, aka yi masa faɗa irin na uba da ɗa. Muna ganinsu suna fama da amalanken da ya maƙale a taɓo. Shi ya sa da aka kashe Mose ba ka jin wani ɗan rakiya ne ya faɗi, kana jin an kashe mutumin da ka sani.

Dubi abin da ya faru a gidan likita, inda suka kai yaron jinya. Charley ya shiga da taɓo a takalminsa, ya ɓata wa Sue, 'yar'uwar likitan, shimfiɗar ɗakinta. Da ta ba da baya sai ya durƙusa yana tsintar ɓarɓashin taɓon ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a hularsa. Ta kawo musu abin sha a ƙananan kofunan tangaran, yatsunsu suka ƙi shiga mariƙin. Daga baya barci ya kwashe shi a kujera, ya farka a firgice da bindiga a hannu, ya farfasa mata tangaran ɗin. Wannan mutumin ya yi yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, ya kuma yi kisa da yawa a lokacin da bayansa. Ba a nuna mana ko ɗaya daga cikin kashe-kashen ba, amma fasassun kofunan sun faɗa mana halin da yake ciki. Kuma da safiyar faɗa, wasiyyar da ya bari ita ce in ya mutu a sayar da dokinsa da sirdi da bindigoginsa a saya wa Sue sabbin kofuna. Shi kuwa Spearman ya shiga kanti ya sayi cakulan mai tsada na ƙasar Siwizalan, da ya ji mai kantin bai taɓa ɗanɗanawa ba saboda tsadarsa, sai ya gutsura masa. Ni dai duk fim ɗin babu inda ya taɓa ni kamar nan: mutum ya san wataƙila ba zai kai yamma ba, amma bai manta da wanda ke gabansa ba.

To sai a zo faɗan kansa, wanda masu sharhi da yawa ke sakawa cikin mafi kyau da aka taɓa ɗauka a finafinan kaboyi. A nan tsohon yayi ya nuna amfaninsa a fili. Tun kafin a fara an zaga da kai garin, ka san inda bargar dawaki take, inda gidan likita yake, inda kurkuku yake. Da harbi ya ɓarke kyamara ba ta rawa, ba a yanka hoto kafin ka ƙifta ido, don haka ka san wane ne a bayan wane bango, kuma daga ina haɗari zai fito. Ƙarar bindigogin mai razanarwa ce, ba a lulluɓe ta da kiɗa ba. Mutane na harbi daga kusa suna kuskurewa, wasu na gudu, wasu na ɓuya, mutanen gari sun kwashi iyalansu sun yi kan tudu. A finafinan faɗa na yanzu sau da yawa ana kashe ɗaruruwa da siddabarun kwamfuta ka tashi ba ka tuna fuskar ko mutum ɗaya ba. A nan kowace gawa da nauyinta.

Batun kwaikwayo kuwa, ban yarda da kai ba. Marubucin da ya tsara waƙarsa a kan tsohon kari da amsa-amo ba a ce masa ɓarawo, ana duba abin da ya zuba a cikin karin ne. Costner ya ɗauki faɗin fili da haƙuri da yarda cewa akwai gaskiya akwai ƙarya, irin na zamanin John Ford, tsohon daraktan finafinan kaboyi, amma bai yi kamar bai san abin da ya biyo baya ba, wato finafinan kaboyi na Italiya na shekarun 1960 da Unforgiven na Clint Eastwood a 1992, waɗanda suka tona asirin cewa kisa ba ado ba ne. A tsohuwar ƙa'ida jarumi yakan jira abokin gaba ya fara kai hannu ga bindiga. Charley bai jira ba. Ya taka har gaban wanda ya kashe Mose, ya tambaye shi, da ya amsa yana murmushi sai ya harbe shi a goshi. Sannan da Charley ya so ƙarasa wani da ya riga ya ji rauni, Spearman ya tare shi, domin hakkinsu suka zo karɓa, ba ramuwar gayya ba. Fim ɗin ya san jaruminsa na bukatar mai riƙe shi.

Akwai kuma tarihi a ƙarƙashin labarin. Wata dokar Amurka ta 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili eka 160. A 1874 Joseph Glidden ya yi rajistar wayarsa mai ƙaya, kuma cikin 'yan shekaru shinge ya fara cinye filayen da dā babu mai su a takarda. Mummunan hunturun 1886 zuwa 1887 ya hallaka shanu masu ɗimbin yawa a Montana da maƙwabtanta, a 1892 kuma manyan masu gandu a gundumar Johnson ta Wyoming suka ɗauko 'yan bindiga haya don su murƙushe ƙanana. Su Spearman sun san sana'arsu ta kusa ƙarewa, kuma wannan baƙin cikin yana cikin kowane hoton ciyawar nan mai faɗi, wadda a Alberta ta Kanada aka ɗauka. Na san mai kallo a ƙasarmu zai tuna burtali da labi da suka toshe. Sai dai a yi hattara, rikicin fim ɗin ba na manomi da makiyayi ba ne, duka ɓangarorin masu shanu ne, ɗaya ya tara dukiya ya saye hukuma.

Ban ce ba shi da aibi ba. Bayan an gama faɗa labarin soyayyar ya ja fiye da kima, cikin fim mai tsawon minti 139. Akwai inda libarbar Charley ta fitar da harsashi fiye da shidan da take ɗauka. Babban aibin kuwa ya gado shi ne daga tsohon yayin: filin da ake kira na kowa ƙasar ƙabilun asalin Amurka ce irin su Blackfeet da Crow, waɗanda aka tura matsugunai aka kuma ƙarar da ɓaunayen da suke rayuwa a kansu, amma fim ɗin bai waiwaye su ba. Wannan shirun ya fi yi mini ciwo daga Costner, mutumin da ya yi Dances with Wolves a 1990, fim a kan ƙabilun asalin Amurka, domin ya san labarin sarai. In da a nan ka kafa sukarka, da na tsaya tare da kai.

Tunda ka ce kana koyon aikin fim, roƙona gare ka shi ne ka sake kallonsa a babban allo, ba a waya ba, kada ka tsallake ko'ina. Da aka zo faɗan, ka ɗauki takarda ka zana taswirar garin daga abin da kyamara ta nuna maka, ka sa alama a inda kowa ya tsaya. Sannan ka gwada haka da fim ɗin faɗan da ka fi so na bana, ka rubuto mini abin da ka samu.

Wassalam,
Yayanka.