Zuwa ga ɗana Hamadu a Marwa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, kawunka ya iso Garwa ya shaida mini cewa injin feraye ƙarfen da ka saya ya fara aiki a zaurenka, har masu babura da masu injin niƙa suna kawo maka gyara. Allah ya sa albarka.

Ka sani cewa kowane hannu a jikin injin nan yana da lokacinsa. Ba a sauya giyar gudu sai injin ya tsaya cik, in ba haka ba haƙoran giya za su karairaye. Gudun kuma kaurin ƙarfe yake bi: sanda mai kaurin milimita 50 kada ta wuce juyi 200 a minti ɗaya idan da wuƙa ta gama-gari kake yanka, siririya kuwa tana ɗaukar fiye da haka. Ka daidaita bakin wuƙar da tsakiyar ƙarfen, kuma ka tuna cewa idan ka tura ta ciki milimita 1, kaurin aikin milimita 2 zai ragu, domin kewaye take ci. Makullin ɗaure ƙarfe kuwa kada ya zauna a bakin injin ko na ƙiftawar ido.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Kawunka ya ce ya same ka bayan sallar Juma'a kana aiki da jallabiya mai faɗin hannu, ka naɗe tsumma a yatsu kana goge ƙarfe yana juyawa. Hamadu, kana da hankali kuwa? Injin da ke juyi 600 a minti yana kewayawa sau 10 a daƙiƙa ɗaya, kuma idan ya kama bakin riga zai naɗe ta ya jawo hannu har kafaɗa kafin ka tuna inda maɓallin kashewa yake. Ka san yadda Malam ɗin unguwarmu yake cin tuwo yau, ba sai na maimaita maka ba. Kun daɗe kuna cewa na cika tsanani tun maganar babur ɗin nan, amma da ka yi fushi da ni kana da hannu biyu ya fi mini sauƙi.

Ka sa riga mai gajeren hannu, ka cire zobe da agogo, ka ajiye safar hannu gefe, tarkacen ƙarfe kuma da buroshi ake share shi bayan injin ya tsaya. Idan wuta ta ɗauke kana cikin aiki, ka mayar da hannun kunnawa wurin kashewa nan take, domin wasu tsofaffin injuna suna tashi da kansu idan ta dawo, ga kuma Aisha tana rarrafe a zauren.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta kuma ba kawunka rigunan aiki biyu ya kawo maka ranar Litinin. Ka kira ni idan sun iso.

Mahaifinka,
Garwa