Tarihin Tuscarora ya cancanci shafi a jaridarku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a nan Gombe, kuma ina roƙon fili domin in ja hankalin masu karatu ga wata al'umma da ɗalibaina ba su taɓa jin sunanta ba, wato Tuscarora, ɗaya daga cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a Amurka.

Mazauninsu na asali yana yankin da yau ake kira Karolina ta Arewa, a gaɓar kogunan Neuse da Roanoke, inda suke noman masara da wake. Abin da ke damuna shi ne yadda akan fara labarinsu daga harin da suka kai wa baƙin Turawa a watan Satumban 1711, kamar dai haka kawai suka wayi gari suka ɗauki makami. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin wannan rana, fatake sun daɗe suna cutar su a ciniki, ana sace matansu da 'ya'yansu ana sayarwa bayi, sannan a 1710 baƙi daga Suwizalan da Jamus suka kafa garin New Bern a ƙasar da mutanen yankin ke zaune a kai. A wannan shekarar ce Tuscarora suka tura manzanni zuwa ga hukumomin Turawa na yankin Pennsylvania suna kuka da bautar da 'ya'yansu, suna neman wurin da za su zauna lafiya. Wanda ya fara da kai ƙara ba za a ce masa mai neman fitina ba.

Da yaƙi ya ɓarke, Turawa suka raba kan sarakunan Tuscarora: Sarki Hancock ya yi yaƙi, Sarki Tom Blount kuwa ya goyi bayan Turawan Ingila. A watan Maris na 1713 rundunar wani Bature mai suna Kanar James Moore, wadda mafi yawanta mayaƙan wasu ƙabilun ƙasar ne, ta rushe ganuwar Tuscarora da ake kira Neoheroka, inda aka kashe ko aka kama mutum kimanin 950. Duk ɗalibin da ya karanta yadda aka ci sarakunan Arewa ɗaya bayan ɗaya a 1903, har aka kai ga Bormi da ke jiharmu, zai gane wannan salo.

Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira sun yi hijira zuwa arewa, yankin da yau ake kira jihar New York, inda ƙawancen ƙabilu biyar na Haudenosaunee ya karɓe su a matsayin al'umma ta shida wajen 1722. Ko a can ƙasa ba ta tsira ba, domin a 1960 Kotun Ƙolin Amurka ta amince a karɓe wani ɓangare na filinsu kusa da Niagara don gina madatsar ruwan wutar lantarki. Har yanzu jikokinsu na zaune a ragowar wannan fili.

Ina roƙon ku ware wa wannan tarihi shafi guda, ku fara shi daga ƙarar 1710, domin in samu abin da zan karanta wa ɗalibaina da harshensu.

Naku,
Malamin tarihi, Tudun Wada, Gombe