A riƙa tunawa da ƙananan 'yan kwangila masu amana

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan maigidana a sana'ar gini da Allah Ya yi wa rasuwa kwanan nan a Kano.

Da leburanci ya fara, yana ɗaukar kwanon kankare a ka, daga baya ya zama birkila har ya kai ga karɓar kwangilar ajujuwan firamare da gidajen mutane. Shekara 12 ina bin sa, wallahi ban taɓa ganin ya rage rodi a dekin ba, in an kawo bulo sai ya ɗaga ɗaya ya sake shi ƙasa, in ya farfashe to motar nan komawa za ta yi ko da kuwa mai ginin na ta waya yana faɗa.

Lokacin da siminti ya yi tashin gwauron zabi a 2024 ya riga ya karɓi wani aiki a tsohon farashi, filinsa ya sayar ya ƙarasa ginin kuma bai riƙe kuɗin lebura ko ɗaya ba. Har ya koma ga Allah akwai kuɗin aikinsa da ba a biya ba, iyalinsa na nan suna jira. Allah Ya jiƙan Baba.

Naku,
wani birkila daga Kurna, Kano