Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Niƙa Roba

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa mambobi.

Bana yawancin ƙorafin da ya zo gaban kwamiti a kan kwamin wanki yake. Mutum ya sayi kaya da sunan PP (irin robar da ake yin kujeru da buhuna da ita, wadda ya kamata ta taso a ruwa) a hannun 'yan bola jari, ya niƙa, ya zuba a ruwa, sai wani sashe ya nutse. Daga nan sai rigima, a ce an yi algus.

Mun bi diddigi, kuma sau da yawa ba algus ba ne. Idan aka ɗauki nauyin ruwa a matsayin 1, PE (robar leda da jarka) da PP, wato masu lamba 2 da 4 da 5 a jikinsu, suna tsakanin 0.90 da 0.96, shi ya sa suke tasowa. Amma masana'antu na cakuɗa garin alli a cikin kujeru da buhuna don rage tsada, shi kuwa alli nauyinsa 2.7 ne. In ya kai kashi 20 cikin 100, PP ɗin ƙasa za ta yi. Don haka kwamiti ya yanke cewa a ware kujeru da buhuna tun kafin su shiga inji, farashinsu daban. An samu sauƙin sulhu sosai.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne raba PET (robar gorar ruwa) da PVC (robar bututun ruwa da tiyo). Dukansu nutsewa suke, PET wajen 1.38, PVC ma nan kusa, kuma ruwan gishiri bai kai ya taso da su ba, iyakarsa wajen 1.2. Ga shi kamfanonin da ke sayen niƙaƙƙen gora ba sa yafe PVC ko kaɗan, domin a zafin da PET ke narkewa, kusan digiri 250, PVC ta riga ta fara ƙonewa tana fitar da asid, sai kaya su yi rawaya su yi gautsi.

Matasanmu sun gwada hanyar kumfa: ana hura iska ta ƙasan kwami, kumfar ta maƙale wa robar da jikinta ba ya karɓar ruwa, ta ɗago ta. In an fara jiƙa kayan a ruwan soda mai zafi, jikin PET yana karɓar ruwa, sai ta kwanta, PVC ta hau sama. Da bututun PVC mai tauri abin ya yi kyau. Da tiyo da silifa kuwa, masu maganin laushi a jiki, yau ya yi, gobe ya ƙi, saboda maganin yana tsatsowa ya sauya jikin robar. Ragowar omo da manja da gam ɗin takardar gora ma suna ɓata aikin. A ganina bai kamata mu kashe kuɗin asusu kan injin kumfa yanzu ba. Tsintar hannu kafin niƙa ta fi mana arha.

Sauran ayyuka a taƙaice: an raba safar hannu da tabarau ga masu taɓa soda, an yi bita kan lambobin roba, an kuma ja kunnen masu sakin ruwan wanki cikin kwata.

Baɗi, in Allah ya kai mu, za mu ci gaba da gwajin kumfa a kwami ɗaya kacal. Masu bashin kuɗin wata su daure su ga ma'aji kafin babban taro.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya